An Sa Kofi da Sunan Marigayi, Shagonsa Kuma a Kulle

Jama'a masu sauraro, akwai wata irin sanarwar rasuwa da ta daɗe tana ɓata mini rai. Mutum ya shafe shekara 30 ko 40 a tsaye bayan kanta a shagon kayan masarufi, da shi ya ciyar da iyali, da shi ya biya kuɗin makarantar yara, amma ranar da ya cika sai a taƙaita shi a layi ɗaya: ɗan kasuwa ne, mai son wasanni, Allah ya jiƙansa. Amin. Bayan 'yan makonni abokansa su taru su sa kofin ƙwallo da sunansa, a yi jawabai, a ɗauki hotuna. To ku bi ta ƙofar shagon kafin shekara ta zagayo. Sau da yawa kwaɗo za ku tarar a ƙofar, ko ku ga kanta rabi wayam, ɗan marigayin na zaune yana jiran mai sayen da ya riga ya sauya shago.

Abin da aka binne tare da mutumin nan lissafi ne, kuma a kansa kaɗai yake. Shagon kayan masarufi sana'a ce ta siririyar riba. A ce ya sari katon a kan 100 ya sayar a kan 110. Idan katon ɗaya ya lalace, sai ya sayar da katon 10 kafin ya mayar da uwar kuɗinsa, bai ci komai ba. Idan da yamma aka ƙirga ciniki aka samu 1,100, to 1,000 na kayan da za a sake sarowa ne. A cikin 100 da ya rage za a fitar da haya, da wuta, da albashin yaron shago, sannan abin da ya saura ya shiga gida. Marigayin ya san wannan ko a tsakar dare aka tashe shi. Iyalinsa kuwa abin da suke gani shi ne akwatin kuɗi a cike kullum.

Ya san sabon kaya baya yake zuwa a kan kanta, tsohon ya matso gaba, don kada wa'adinsa ya cika yana ɓoye. Ya san ba a jera sabulu da garin wanki kusa da sukari ko fulawa, saboda suna ɗaukar ƙamshin, mai saye kuma ba ya dawowa ya yi ƙorafi, daina zuwa kawai yake yi. Buhu a kan katako yake zama, nesa da ƙasa da bango, saboda laima da ɓera. Man girki ba ya son rana. Gwangwanin da ya kumbura na shara ne, ko da kwanan watan da ke jikinsa bai cika ba. Ya san kayan da ke ƙarewa cikin kwana 3, ya san wanda zai yi wata 2 yana kwantai da jari a ɗaure a cikinsa, don haka na farkon yake sarowa da yawa, na biyun ɗan kaɗan don kada a tambaya a rasa. A ina aka rubuta wannan? Babu inda aka rubuta. A kansa yake.

Sai bashi, wanda shi ne ke kashe shagon da gaggawa. Dilan da ke sauke masa kaya ya jira mako 2 kafin a biya shi, marigayin ya amince wa, bai san ɗansa ba. Ana idar da jana'iza zai ce kuɗi hannu, kuma ba za a ga laifinsa ba. A ɗaya ɓangaren akwai masu karɓar kaya sai ƙarshen wata. Wasu na cikin littafi, wasu da baki aka yi, wasu an rubuta su da laƙabin da marigayin kaɗai ya san mai shi. Masu tsoron Allah za su kawo da kansu. Sauran za su yi shiru, su sauya hanya. A daidai wannan lokaci ne kuma ake ɗibar kuɗi a akwatin shago don hidimar masu ta'aziyya, ana ɗaukar kaya a kanta ba a rubutawa. Jari ya ragu, sari ya ragu, mai saye ya tambayi abu sau 2 an ce babu, ya tafi gaba. Ciniki ya sake raguwa. Ba sata aka yi ba, ba kowa ya yi mugunta ba, amma shago ya mutu.

Don haka mai son karrama marigayi ya fara daga nan. A makon farko a sami mutum 2, ɗaya daga magada, ɗaya amintacce daga waje, su ƙirga duk abin da ke kanta da sito, su rubuta shi da farashin sari, ban da na sayarwa, domin shi ne ainihin darajar kayan. A ware waɗanda wa'adinsu ya kusa a karya musu farashi. A zauna da yaron shago mafi daɗewa a bi littafin bashi suna bayan suna tun bai manta ba. A tattara rasit ɗin watannin baya, a ciki za a ga wane dila ke kawo me, nawa, kuma duk bayan kwana nawa. A je wurin dilolin ƙafa da ƙafa, a biya abin da ake bin marigayi, a gabatar da wanda zai riƙe shagon. Mutum ɗaya ya riƙe makulli da akwatin kuɗi, a yanka wa gida adadin da zai karɓa kowane mako, kuma ko ashana aka ɗauka zuwa cikin gida a rubuta.

Za a ce mini ana cikin makoki, bai dace a yi zancen kuɗi ba. Haya tana makoki ne? Madarar da ke kanta za ta jira a share hawaye kafin ta lalace? Wasu kuma su ce kasuwanci baiwa ce, ba a koyonsa a takarda. Sakin fuska ga mai saye, na yarda, hali ne. Amma sunan dila da ranar biyansa ba baiwa ba ce, biro da littafi kawai suke buƙata.

Mu koma ga wasanni, tunda nan ne aka fi yabon marigayin. Rigunan ƙungiyar matasa, ƙwallaye, raga, kuɗin motar zuwa wasan waje, sallamar alƙalin wasa, maganin wanda ya gurɗe, daga ina suke fitowa? Daga ragowar 100 ɗin nan. Haka abin yake har a wurin manya. Thomas Lipton, wanda sunansa ke jikin ganyen shayi, ɗan masu ƙaramin shagon kayan abinci ne a birnin Glasgow na Scotland. Ya buɗe shagon kansa a 1871. Sau 5 ya nemi kofin tseren jiragen ruwa na America's Cup tsakanin 1899 da 1930, bai ci ko sau ɗaya ba. Ya sa kofin ƙwallon ƙafa da aka buga a birnin Turin na Italiya a 1909 da 1911, ƙungiyar West Auckland ta masu haƙar kwal daga Ingila ta lashe duka biyun. Ku lura da tazarar: shekara 28 tsakanin buɗe shago da tseren farko. Ciniki ne ya ɗauki nauyin jiragen da kofunan.

Mu kuwa sai mu sayi kofi mu bar tushen kuɗinsa ya bushe. Shekarar farko gasar ta yi armashi saboda zukata na da zafi, kowa ya ba da gudummawa. Ta biyu a yi ta roƙo. Ta uku kofin na kan kabad yana ƙura. Idan da gaske ake, a rubuta abin da gasar ke ci a shekara, a raba shi gida 12, a riƙa ware kason kowane wata daga ribar shago, ban da jari, kuma da yardar dukkan magada. Idan ribar ba za ta ɗauka ba, a rage gasar zuwa ƙungiyoyi 4 da wasan yini ɗaya.

Ban ce dole kowane shago ya ci gaba ba. Wani lokaci 'ya'yan suna da nasu aikin, kuma tilasta wa wanda ba ya so zaman kanta ba lallai ya haifar da alheri ba. To a sayar da shagon yana raye, da kayansa da masu sayensa da dilolinsa, a raba kuɗin. Abin da ba na iya jurewa shi ne a bar shi ya tsiyaye a hankali har a ƙarshe katakon kanta kawai za a sayar.

Ku kuma masu shago da ke saurarona yanzu, rediyo a gefen sikeli: ku sayi littafi guda, ku rubuta dilolinku da sharuɗɗansu, da masu bashi da cikakken sunansu, da abin da kuke kashe wa ƙungiyar yaran nan. Sannan ku miƙa wa ɗa ko 'ya ko matar gida makulli na mako guda cur, har da zuwa sari da biyan dila, ku zauna a gida. Ranar ta 8 ku ƙirga kaya da kuɗi tare, ku nuna masa inda ya yi kuskure tun kuna nan.