Laccar da aka gabatar a Damagaram kan agogon hannu da ake wanawa

Jama'a, abubuwa uku zan kawo muku game da agogon hannu mai tsada wanda ba ya amfani da batir: yadda yake tafiya, dalilin tsadarsa, da kuma adonsa.

Idan mutum ya wana agogo, sifirin, wato wani siririn ƙarfe da ke cikinsa, ne yake naɗewa, shi kuwa sifirin ba abin da yake so sai ya warware a lokaci guda, don haka duk fasahar ta tsaya ne a kan tilasta masa ya saki ƙarfinsa kaɗan-kaɗan. Ƙarfin yana bi ta ƙafafu masu haƙora har ya isa ga wata 'yar ƙafa mai kai da komo, wadda wani zaren ƙarfe da bai kai gashin kai kauri ba yake dawo da ita. A yawancin agogunan zamani tana bugawa sau 28,800 a awa, wato sau 8 a daƙiƙa. Ku sake ji, sau 8 a kowace daƙiƙa, ko mai agogon yana barci ko yana ciniki a kasuwar Dole! Na biyu shi ne dalilin tsadarsa. Hukumar COSC ta ƙasar Suwis, mai tantance daidaiton agogo, tana gwada injin kwana 15, kuma ba ta ba shi takardar shaida sai idan jinkirinsa a rana bai wuce daƙiƙa 4 ba, gaggawarsa bai wuce 6 ba. Wannan 'yar ƙafa ce ta sa wani maƙerin agogo mai suna Breguet ya ƙirƙiro wani keji mai juyawa da ita, ya yi masa rajista a 1801, domin nauyinta kada ya rinjayi gefe ɗaya a agogon aljihu. A hannu, da yake motsi kullum, amfaninsa kaɗan ne, amma masu kuɗi suna sonsa saboda ana kallonsa yana juyi.

Na uku shi ne ado, kuma lokaci ya tafi. Ana goge gefen kowane ƙarfe da hannu, har wanda yake ɓoye a ciki, kamar yadda badukun kirki a Birni yake gyara ɗinkin cikin jaka da mai saye ba zai duba ba.

Na'am, Alhaji? Ya ce ƙurar hunturu fa. Ranka ya daɗe, tambayar ta dace da garinmu. Tun 1926 kamfanin Rolex ya fitar da agogon Oyster, mai murfi da maɓallin wana shi da ake murzawa su kulle, don hana ruwa da ƙura shiga. Amma robar da ke toshe kafofin tana tsufa, man cikin injin kuma yana bushewa, saboda haka bayan 'yan shekaru sai a kai shi wurin gwani ya wanke. Kada a yarda a buɗe shi a bakin titi iska tana kaɗawa, kuma kada a ajiye shi kan lasifika, domin maganaɗisu yana manne zaren nan, agogon ya riƙa gudu.