Darasin Gareji: Giya Ta Ƙi Shiga, Laifin Kuloci Ne Ko Na Giyabos?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar guduma da kuke ji a baya, gareji ne. Motar da ke gabana Peugeot 504 ce, Fijon nan tamu da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna a da. Mai ita ya kawo ta da sassafe, ya ce giya ba ta shiga sai da kokawa, kuma wani ya ce masa a sauke giyabos. Na ce Alhaji, dakata tukuna, mu bari motar ta faɗi ciwonta da bakinta.

To ku duba. Injin a kashe yake. Na taka kuloci, ga ɗaya, ga biyu, uku, huɗu, ga ribas. Kun gani? Sumul, da yatsa biyu ma nake turawa. Kai yaro, tayar da ita. Yauwa. Yanzu bari in nemi ribas... kun ji wannan ƙurrr ɗin? Haƙoran giya ne ke cizon juna.

Idan giya tana shiga lafiya injin na kashe, amma da an tayar sai ta yi gardama, to galibi giyabos ba shi da laifi. Kuloci ne bai gama raba injin da giya ba. Ka taka har ƙasa, amma farantin kulocin yana nan manne da fulawil, wato faifan ƙarfen da injin ke juyawa, yana ci gaba da juya sandar da ke shiga giyabos. Kuma ribas ce ke fara tona asiri, domin a tsofaffin motoci ita ba ta da zoben tagullan nan da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu.

Sai gwaji na biyu. Zan buga kulocin da sauri sau biyar ko shida, sannan in riƙe. Ga ribas, ta shige ba ƙara. Wannan ya nuna min matsalar tana layin mai. Ita 504 kulocinta da man birki yake aiki, akwai famfo na sama kusa da feda, akwai na ƙasa a jikin giyabos. Ko iska ta shiga layin, ko robar ciki ta mutu. Matso da kyamarar nan. Ka ga kafet ɗin da ke ƙarƙashin feda? Taɓa ka ji, jiƙe yake, ga santsi. Na saman ne ke yoyo, man yana bin sanda yana ɗiga a ƙafar direba, shi kuma Alhaji cewa yake ruwan sama ne ke shigowa. Roba za mu canza, mu zuba DOT 3 ko DOT 4, mu fitar da iska. Don Allah kada kowa ya zuba baƙin mai a wurin nan, kumbura robobi yake yi.

Masu Golf 2, ku kulocinku da kebur yake aiki. Ku duba ko ya saki, ko wayoyinsa sun fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Za ka ji feda ta yi tauri, tana ƙara kamar tsohon ƙyaure.

Akwai kuma kishiyar wannan ciwo, wato kuloci mai zamewa. Shi giya tana shiga, amma ka ɗauko lodi ka fuskanci hawa, ka ba ta wuta, injin yana kuka mota ba ta gaba, sai wani ƙauri ya bugi hancinka. Gwajinsa: a fili inda babu kowa a gaba, ja birkin hannu, sa giya ta uku, saki kuloci a hankali. In injin ya mutu, faranti na da sauran rai. In ya ci gaba da aiki, ya cinye. Kada ka maimaita, gwajin kansa cin faranti yake. Kuma gaskiya direbobinmu su ke kashe shi, mutum ya ɗora ƙafa a kan feda daga Zariya har Kano kamar ya samu matashi, ko ya riƙe mota a hawa da rabin kuloci. In har an sauke, a canza faranti da murfin da ke matse shi da rilis biyarin, wato boris ɗin da ke danna murfin idan an taka feda, gaba ɗaya, kuɗin aiki ɗaya ne.

To yaushe ake zargin giyabos? Idan injin na kashe ma sandar sa giya tana da tauri, fara duba bush, wato 'yan robobin da ke ƙarƙashinta, sannan man giya. Wasu sai su ɗura mai lamba 140, mai kauri kamar zuma, da sanyin hunturu ya sauka giya ta daskare da safe. In kuwa giya ɗaya ce tak ke ƙara, yawanci ta biyu, sauran lafiya lau, to zoben tagullanta ne ya cinye, wannan kam sai an buɗe.

Bari mu koma kan ta Alhaji, an sa sabuwar roba. Yaro, shiga. Taka! Taka! Taka! Riƙe! Kun ga kumfar da ta fito? Iskar ke nan. Sake... riƙe! Yanzu mai zalla ke zuwa. Tayar da ita, sa min ribas. Alhamdu lillahi, ko ƙas ba ta ce ba. Ɗauko tsumma da ruwa ka goge man da ya ɗiga a jikin motar nan, yanzun nan zai cinye fenti.