Ɗaukar hoton bikin mutum 20 a ƙauyen Ingila

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau muna wani ƙauye a yankin Cotswolds na Ingila. Ga tumaki can bayan katangar dutse, ga tsohon rumbun hatsi da aka mayar ɗakin biki. Mutum 20 kacal aka gayyata. A gida mun saba da taron da mai hoto zai ɓace a cikinsa, nan kuwa ko tari ka yi sai kowa ya waiwayo. Don haka aikin yau shi ne ka samu hoton ba tare da an ji motsinka ba.

Ku leƙo jakar nan. Kyamara biyu, ɗaya da lensi 35mm, ɗaya da 85mm, domin ba a canza lensi ana tsakiyar ɗaura aure. Kowace tana da gurbin memori biyu, kuma na saita ta ta riƙa ajiye kowane hoto a duka biyun. Batir huɗu, farar laima biyu irin wadda haske ke ratsawa, da takalmin ruwa saboda taɓo. Taswirar hanya ma ku sauke ta a waya tun daga gida, sabis na yawan ɗaukewa a lungunan nan.

Yanzu mu shiga ciki. Kun ga duhun? Katako ne ko'ina, taga biyu ƙanana. A nan nake buɗe lensi zuwa f/2 don haske ya shiga sosai, in kai ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, zuwa 3200, saurin ɗauka kuma kada ya yi ƙasa da 1/200 na daƙiƙa, in ba haka ba hannun ango zai fito dishi-dishi lokacin sa zobe. Wani zai ce ai sai a kashe ƙarar kyamara gaba ɗaya. To, a yi hattara. Waɗannan ƙananan fitilun LED da aka rataya suna ƙyaftawa da bugun lantarkin ƙasar nan, wato 50Hz, zagaye 50 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, amma kyamarar da aka kashe wa ƙara takan fito da layi-layi baƙi a kan hoton, kuma gyaransa a kwamfuta wahala ce. Ka gwada ɗaukar hoton bango tun kafin baƙi su zauna. Idan ka ga layin, sauko zuwa 1/100 ka kafe hannunka, ko ka mayar da ƙarar ka rage yawan dannawa.

Da jami'in rajistar aure ya iso, gaishe shi ka tambayi inda ya yarda ka tsaya da ko ya amince da filasha. Duka hidimar ba ta cika wuce rabin sa'a ba.

Abin da ya fi damuna shi ne fuska mai duhun fata kusa da farar riga. Kyamara na bin farin rigar ta dusashe fuskar. Ka juya mutum ya fuskanci taga, ka auna hasken a kumatunsa, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, daga baya sai ka dawo da zanen leshin rigar.

Hoton dangi kuwa, rubuta rukuni shida a takarda, minti 15 ya isa. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, shi ya sa nake ajiye hoton ango da amarya a gona sai wajen 8:30, in aro su minti goma daga wajen cin abinci.

Ga motar amarya can ta shawo kwana, bari in ajiye wayar nan.