Amsoshin Tambayoyinku: Ko hoton ƙwaƙwalwa na iya nuna wanda gigin tsufa zai kama?

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Wata mai sauraronmu ce ta rubuto tana cewa: "Mahaifina shekararsa 68, yana fama da hawan jini. An yi masa hoton MRI, aka ce an ga fararen tabo, alamar ciwon ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa. Ke nan gigin tsufa zai kama shi?"

To Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Jijiyoyin nan sirara ne ƙwarai, can cikin ƙwaƙwalwa suke ratsawa. Hawan jini idan ya daɗe sai bangonsu ya yi kauri ya ƙage, jini ya daina isa yadda ya kamata, naman da ke gefe ya soma lalacewa. Na'urar ba ta ganin jijiyoyin da kansu, sawun ɓarnarsu take gani.

Abu huɗu likita yake dubawa. Fararen tabon ana auna su da ma'aunin Fazekas, daga 0 zuwa 3. A mataki na 1 ɗigo-ɗigo ne a warwatse, kuma tsofaffi da yawa suna da su lafiyarsu ƙalau. A na 3 kuwa sun haɗe sun zama shimfiɗa guda. Akwai ƙananan ramuka masu ruwa, faɗin milimita 3 zuwa 15, gurbin toshewar jijiya da sau da yawa mai ita bai ma san ta faru ba. Akwai ɗigon tsohon jini, baƙi kamar ɗigon tawada a takarda, sai kuma faɗaɗar sararin da ke kewaye da jijiya. Duk wanda ya kai mizani a cikin abubuwa huɗun nan sai a ba shi maki ɗaya, jimilla 0 zuwa 4. Saboda haka tambayi likita: Baba a mataki na nawa yake?

Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2010 ya nuna masu fararen tabo da yawa haɗarinsu na kamuwa da gigin tsufa ya kusa ninki biyu. Amma fa lissafin taron jama'a ne wannan. Za a samu mai maki 3 yana harkokinsa garau, shi ya sa ake haɗa hoton da gwajin tunani irin MoCA mai maki 30. Wannan ciwo ba da mantuwa yake farawa ba galibi. Jinkiri wajen tunani, kasa tsara aiki da jan ƙafa a tafiya su ne kan riga bayyana.

Kuskure na shigowa idan mutum ya motsa a cikin na'urar, ko ba a ɗauki nau'in hoton SWI mai fito da ɗigon jini ba, ko aka kwatanta hoton na'ura mai ƙarfin tesla 1.5 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisun na'urar) da na mai 3. Idan za a maimaita, gara a koma na'ura ɗaya. Hoton CT kuwa, ɗigon jinin nan ba ya fitowa a cikinsa.

Abin da ke hannunku shi ne hawan jinin. A binciken SPRINT MIND na Amurka da aka wallafa a 2019, waɗanda aka nemi saukar da lambar sama ta awon hawan jininsu zuwa ƙasa da 120 sun samu raguwar raunin tunani na matakin farko da kashi 19 cikin ɗari, idan aka kwatanta da masu ƙasa da 140. Likita ne zai tsara wannan, don saukar da shi da gaggawa na sa tsoho jiri ya faɗi. Aspirin ma kada a fara ba shi sai likita ya duba ko akwai ɗigon jini a hoton.