Kujerar ƙahon yunikon a Kofenhagen, ashe haƙori ne

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da war haka. Yau ina magana da ku daga Kofenhagen, babban birnin Denmak, a benen ƙarshe na fadar Rosenborg. Bari in matso da kyamara ku ga farar kujerar nan da zakuna uku na azurfa suke gadi. An ƙera ta tsakanin 1662 da 1671, ana koyi da kursiyin Annabi Sulaiman kamar yadda Baibul ya siffanta shi. Sarki Christian na Biyar ne ya fara zama a kanta a 1671, rabon da a naɗa sarki a kanta kuwa tun 1840.

An daɗe ana cewa da ƙahon yunikon aka yi ta, wato farin dokin almarar Turawa mai ƙaho ɗaya a goshi. To, abin da kuke gani haƙori ne. Haƙorin wata dabbar teku mai shayarwa ce da ake kira narwal, tana zaune a ruwan ƙanƙara na Girinland da arewacin Kanada. Haƙorin sama na hagu ne yake huda leɓen namijin ya yi ta tsawo a miƙe, har yakan kusa mita 3, nauyinsa ya kai kilo 10. Mata ba su cika yin sa ba.

Ga yadda ake gane shi, domin nan ne masu saye suka riƙa faɗawa rami. Tsayar da shi a gabanka ka dubi murɗin jikinsa. Layukan suna hawa ne daga dama zuwa hagu, kamar tsakiyar harafin S. Kullum haka yake, ko dabbar da ta fito da haƙora biyu, dukansu hagu suke murɗawa. Idan ka ga murɗin ya bi dama, hannun mutum ne ya sassaƙa shi. Sai ka leƙa gindinsa: cikinsa rami ne kusan har ƙarshe. A wurin da aka yanka kuma za ka ga zobba-zobba, alhali hauren giwa idan an yanka shi layuka ne masu gittawa da juna kamar saƙar raga. 'Yan damfarar wancan zamani sun fi son sayar da shi a gari, don da zarar an niƙa, ƙashin saniya ma ya shige.

Abin da ya sa sarakuna suke zubar da dukiya a kansa shi ne tsoron guba. Wani likita Bagirke mai suna Ctesias, wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa a Indiya akwai jakin jeji mai ƙaho ɗaya, gindin ƙahon fari, tsakiyarsa baƙi, tsininsa ja, wanda ya sha ruwa a cikinsa guba ba ta kama shi. Daga nan aka yi ta yin kofuna da haƙorin narwal ana cewa ƙahon ne. Har gwaji suke yi: a zana da'ira da ƙahon a sa gizo-gizo a ciki, wai idan na gaske ne ba zai tsallake ba. Ko a jefa gutsure a ruwa a jira kumfa, alhali duk busasshen ƙashi mai ƙofofi yana fitar da iska a ruwa. Gwajin ba ya raba komai da komai.

Masana da dama suna ganin karkanda ce Ctesias ya ji labarinta. Sunan nan namu na karkanda daga Larabci ya zo, karkadan, kuma marubutan Larabawa da Farisa su ma sun jingina wa ƙahonta maganin guba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a birnin nan wani likita, Ole Worm, ya bayyana tun 1638 cewa ƙahon haƙorin narwal ne. Bayan shekara 24 da hakan aka fara ƙera kujerar, kuma Denmak ce ke da hanyar samo haƙoran daga tekun arewa.

Idan kun ga ana tallar haƙorin narwal a shagon kayan gargajiya, ku sani cinikinsa yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran dawa, sai da takardar izini ake tsallaka iyaka da shi. Yanzu mu zagaya gefe ku ga ƙafafun kujerar sosai.