Kafin a Taɓa Tsirkiya: Yadda Ake Saita Kayan Kiɗa a Bikin Kiɗan Barok

Jama'a, barkanmu da warhaka. Kiɗan Barok shi ne wanda aka yi a Turai daga wajen 1600 zuwa 1750, shekarar da mawallafin kiɗa Bach ya rasu a birnin Laifzig na Jamus. Bikin raya shi da ya fi daɗewa yana Gottingen ta Jamus, kuma daga jami'a ya samo asali. A 1920 wani malamin tarihin zane-zane, Oskar Hagen, ya ɗauko Rodelinda, wasan waƙe na mawallafin kiɗa Handel da aka fara nunawa a Landan a 1725, ya mayar da shi dandali. Sai dai ya datse shi, ya juya shi zuwa Jamusanci, ya kuma saukar da muryar jarumin ƙasa. Yau babu masanin da zai yarda da wannan. Abin da ake nema yanzu shi ne sautin da kunnen mutanen wancan zamani ya ji, kuma aikin yana farawa ne daga saiti.

Na farko, tsayin sauti. Makaɗan zamani suna saita sautin A, wanda kowa ke daidaita kayansa da shi, a kan girgiza 440 a daƙiƙa. Masu Barok galibi 415 suke bi, wato rabin mataki ƙasa, tazarar madanni biyu na fiyano da ke maƙwabtaka. Kada ku ɗauka 415 doka ce ta da. Yarjejeniya ce ta masu kiɗan yanzu. Kiɗan Faransa akan sauke shi zuwa 392, na wasu majami'un Jamus a hau da shi wajen 465. Mai biyolin, gogen Turawa, zai iya sassauta tsirkiyarsa, amma sarewar katako da obo, mai kama da algaita, a kan tsayi guda aka sassaƙa su. Saboda haka a rubuta wa kowane baƙo lambar tun da watanni. In mai sarewa ya sauka da ta 415 alhali an saita zaure a 440, to sai dai ya zauna ya yi kallo.

Sai hafsikod, wadda ta yi kama da fiyano amma fizgar waya take yi maimakon bugu, da ɗan ƙashin gashin tsuntsu ko na roba. Babba mai allon dannawa hawa biyu tana da jerin waya uku, kusan 180 ke nan, kuma ɗaya bayan ɗaya ake murɗa su. Ga inda lissafi ya shigo. In ka jera tazara ta biyar, wato daga sauti zuwa na biyar a samansa, sau 12 tsaf-tsaf, ba za ka dawo inda ka tashi ba. Za ka zarce da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na rabin mataki. Dole a ɓoye wannan rarar a wani wuri. Fiyano ta raba ta daidai gida 12. Tsarin Vallotti, wani masanin kiɗa na Italiya, ya ɗora ta a kan shida, ya bar shida tas. Tsohon tsarin zamanin Monteverdi, mawallafin kiɗa na farkon Barok, kuwa tsuke tazara 11 yake fiye da rarar, ya bar ta ƙarshe ta yi faɗi, sai wurin ya riƙa kuka, har suka sa masa suna kyarkeci. Shi ya sa mai saiti yake karɓar jerin kiɗan daren kafin ya ɗauki makulli.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne mantawa da sake saiti: hafsikod da yawa ana tura allon dannawarta gefe guda ta koma daga 415 zuwa 440. Turawar minti biyu ce, amma in saitin ba na rabon daidai ba ne, wuraren daɗi sun gusa tare da ita. Sai an sake saiti daga farko.

Laima kuma ita ce uwar matsala. Tsirkiyar biyolin ta Barok hanjin tumaki ce, tana shan danshi kamar fatar kalangu da damina. Zaure ya cika, numfashi da fitilu su ɗumama shi, tsirkiya ta saki, masu busa kuma su hau sama. A riƙe laimar ɗaki tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. In ta bushe ƙwarai, allon katakon hafsikod tsagewa yake yi. A shigo da ita zauren tun jajibere ta kwana, a saita ta da safe, a sake kafin a buɗe ƙofa, a kuma duba ta lokacin hutu. Mai biyolin kuma ya zo da siririyar tsirkiyar nan ta sama guda biyu a aljihu, waɗanda aka riga aka miƙar, domin sabuwa fil takan kwana biyu tana saki.