Daga Bakin Kogi a Titusville: Roka na Kamfani, Fasinja na Gwamnati

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da war haka. Tun da asuba na baro Orlando, ga ni yanzu a Titusville, jihar Florida. Bari in juya muku kyamara. Kun hango wancan ƙaton ginin a tsallaken ruwa? Cibiyar Kennedy ke nan ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Gaba da shi akwai dandalin harba roka mai lamba 39A, inda Apollo 11 ya tashi zuwa duniyar wata a 1969. Wannan dandalin, gwamnati ta ba kamfanin SpaceX hayarsa a 2014, ta shekara 20.

Abin ya samo asali ne daga 2011, lokacin da Amurka ta jingine kumbunan Shuttle. Wajen shekara tara ba ta da abin da zai kai 'yan sama jannatinta tashar sararin samaniya, sai dai ta sayi kujera a kumbon Soyuz na Rasha, har kujera ɗaya ta haura dala miliyan 80. Shi ne NASA ta canza dabara: kamfanoni su ƙera, ita ta biya kuɗin jigila. A 2014 ta ba Boeing kwangilar dala biliyan 4.2, SpaceX kuma biliyan 2.6. Mai ƙaramin kason ne ya fara cika alkawari, ya ɗaga mutum biyu daga dandalin nan a watan Mayun 2020.

Sauƙi kam an samu, ba na musu. Na ga roka ya dawo ya sauka a tsaye da idona, sai da tsigar jikina ta tashi.

Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A Yunin 2024 kumbon Boeing ya kai 'yan sama jannati Butch Wilmore da Suni Williams tashar da niyyar su yi kwana takwas. Kumbon ya ba da matsala, suka shafe wata tara, kuma kumbon SpaceX ne ya dawo da su. An raba kwangila biyu don kada a rataya a wuyan kamfani ɗaya, ga shi can aka ƙare. Da Elon Musk, mai kamfanin SpaceX, ya samu saɓani da Trump a Yunin 2025, fitowa ya yi ya ce zai dakatar da Dragon, kumbon kamfanin da ke jigilar 'yan sama jannatin. Ya janye maganar cikin sa'o'i, amma ni har yau ba ta bar raina ba, don akwai mutane a sama da suke jiran wannan kumbon ya dawo da su gida.

Jama'a sun fara matsowa bakin ruwa, an kusa harbawa. Bari in gyara tsayuwar kyamara.